Goggo Ta Ce Da Sauƙi

In yaran da ke koyon aikin jinya suka tambaye ni ko makin jarrabawa wani abu ne, nakan ce wani abu ne mana, shi ya kai ni Bawku. Sai su yi dariya, suna zaton zolaya ce irin ta tsofaffi. Da zolaya a ciki, amma ba duka ba.

Goggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni a Salaga tun ina rarrafe. Sunan ubanta aka raɗa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Babana" take ce mini, ko da kuwa kunnena yana hannunta tana murɗawa. Sana'arta goro. Kakanninmu su ne suka riƙa koro jakuna da goron Gwanja har ƙasar Hausa, amma ni ban tarar da wannan zamani ba. Abin da na tarar shi ne Goggo zaune a rumfar ƙofar gida da huhun goro guda da motar Kumasi ta sauke mata, tana buɗe ganye tana warewa kashi uku. Manya ƙosassu su ne goriya, masu bi musu marsa, ƙanana kuma minu. Wanda tsutsar nan sankara ta taɓa, ko shi ne sarkin goriya, gefe take jefa shi kada ya ɓata 'yan uwansa.

Duk abin da Allah ya halitta Goggo a kashi ukun nan take sa shi. Doyar Kpandai goriya ce. Ladanin unguwarmu marsa ne, don muryarsa takan shaƙe da asuba. Maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekara da shekaru suna gaisawa suna hararar juna, goriya ce mai sankara. Ruwan rijiyoyin Salaga kuwa, da ke raba mana kurkunu kowace shekara, ta ce ko minu bai kai ba.

Lafiyar Goggo a bakinta ake ganewa. In tana da lafiya faɗa take yi, da kaji, da masu sayen goro, da ni. Ranar da gida ya yi tsit, to zazzaɓi ya kayar da ita, in ka ce yaya jiki ta ce "da sauƙi" ta juya fuska bango. A wurinta na koyi cewa kalmar nan ba labarin jiki take bayarwa ba. Mutumin kirki ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mai gaisuwa, saboda haka mai ciwon kai da wanda ke gargara duk amsarsu ɗaya. Abin da ke biyo bayan kalmar shi ake saurare. In mutum ya ce da sauƙi, ya ɗora da cewa kunun nan ba tsami, ko wane ne ya bar ƙofa a buɗe, to da sauƙin gaske ne. In ya ce da sauƙi ya yi shiru, sai ka gyara zama.

Da na gama 'yar makarantar da ke garinmu aka ɗauke ni koyon aikin asibiti a Yendi, ana cikin yaƙin nan da ya kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama. Ba makaranta ba ce irin ta yanzu mai aji da allo. Da safe aiki ne: wanke gyambo, ɗaure shi, dafa allura, auna zafin jiki, kwashe fo. Da la'asar Sista, wata Baturiya doguwa mai kama da zangarniya, ta tara mu a baranda ta koya mana sunayen ƙasusuwa da hanyoyin jini. Da na je gida hutu na ce wa Goggo yanzu huhu muke karantawa, ta ce ita tun ba a haifi ubana ba take buɗe huhu, in wannan ne karatun gara in dawo ta koya mini kyauta.

A hutun nan ne na ga ƙafafunta. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace, kuma in ta taso daga rumfa zuwa ɗaki sai ta tsaya a hanya tana haki, ta fake da yi wa kaza faɗa. Na danna ƙaurinta da yatsa, gurbin yatsan ya zauna bai taso ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya kai in san abin da wannan ke nufi, zuciya ce ta fara gajiya. Na ce ta biyo ni Yendi. Ta ce ƙasusuwan ubanta a Salaga suke, ba ta ga abin da za ta je nema wurin Dagwamban Yendi ba.

Ina komawa Sista ta sanar da mu cewa malamin asibitin Salaga zai bi soja, ana neman wanda zai maye gurbinsa. Likita ba ya zama a can sai dai ya leƙa lokaci-lokaci, don haka wanda zai iya tsayawa shi kaɗai ake so. Duk wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshe, shi za a tura. Sauran kuma a rarraba su inda aka ga dama. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so na ɗayan nan ba.

Mutum guda ne ya tsaya mini a gaba, kuma shi ne abokina, ɗakinmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Ɗan zangon Bawku ne, unguwar baƙi da fatake, ubansa mutumin Moshi mai fataucin shanu. Littafi haddace shi yake yi kamar mai tilawa. Hausarsa irin ta zango ce, wadda mace da namiji duk "shi" ne, ni kuwa da na tashi a gidan da Goggo ke murɗe kunne a kan "ya" da "ta" ban taɓa barinsa ya huta ba. In ya ce, "Matan nan ya haihu," in ce a sanar da Likita maza, yau namiji ya haihu a Yendi. Shi ko a jikinsa. Yakan ce Hausan Salaga ya yi nauyi, shi ya sa jakunanmu suka mutu a hanya.

A jarrabawar takarda muka yi kunnen doki. Saura ta gaban gado, inda za a kai ka wurin majinyaci a ga yadda kake aiki. Wani likita aka turo daga Tamale don ita, Bature mai fara'a, ba shi da wulaƙanci ko kaɗan. A lokacin Turawan gwamnati su ma sukan zauna jarrabawar Hausa, an ce shi ya ci tasa da maki mai yawa, kuma yana ji da abinsa. Tun daga ƙofa yake raba gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina labari, har mai shara bai bari ba.

Aka kai ni gadon wani tsoho mai jakuna, ɗan fataucin albasa, wanda ciwon huhu ya kayar a hanya. Ni nake kula da shi tun zuwansa, na san shi sarai. Kullum da safe sai ya yi mini ƙorafin kokon asibiti, wai ba yaji ba tsami, ruwan wankin ƙwarya ya fi shi daɗi. Na ƙirga bugun jininsa, na auna zafi, na gyara masa kwanciya, Likita yana gyaɗa kai. Sannan ya ce mini da Turanci in tambayi tsohon yadda yake ji, in faɗa masa abin da ya ce.

Na durƙusa na ce, "Baba, yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi." Ya juya fuska bango. Ga kokon nan a gefen gado ya huce, bai taɓa ba, bai kuma zage shi ba.

Na miƙe na ce wa Likita da Turanci, "Ya ce jikin ya yi tsanani yau."

Likita ya dube ni, ya amsa da Hausa, a hankali, kamar mai taka ƙwai. "Ba haka ya ce ba. Ya ce da sauƙi. Na ji da kunnena." Ya sunkuya kan tsohon da murmushi. "Baba, da sauƙi?"

Tsoho ya yi ƙoƙari ya juyo. "Da sauƙi, Likita. Mun gode."

To me zai ce? Babban mutum ya taso tun daga Tamale ya sunkuya a kanka yana gaishe ka da harshenka, sai ka ce masa a'a? Na buɗe baki in yi bayanin koko da bango da Goggo, Turancin ya gudu ya bar ni a tsaye. Abin da na iya haɗawa shi ne, bakinsa ya ce haka amma shi bai ce haka ba. Ni kaina da na ji maganar ta fito na san ba ta da kai ba ta da gindi.

Likita bai yi fushi ba. Ya ce malamin asibiti kunnen likita ne, kunne kuwa ba ya ƙara nasa a kan abin da ya ji. In ina da ra'ayi, in fara faɗin abin da majinyaci ya ce, sannan in kawo nawa daban. Ya ce ranar da nas ya fara sauya maganar marasa lafiya don ya ga ya fi su sanin jikinsu, ranar aka fara kashe mutane. Na daɗe ina jin haushin maganar nan, kuma na daɗe ina koya wa na bayana ita, don gaskiya ce. Sai dai nawa ma gaskiya ne. Ya sa abin sauraron ƙirji ya saurari tsohon, ya sauya masa magani, ya rubuta abin da zai rubuta a kaina, muka wuce gado na gaba.

Tsohon nan kuwa bai mutu ba. Ya jima a kwance, sannan wata safiya ya tashi ya ce wanda ya dama kokon nan Allah ya isa, ba a daɗe ba ya kora jakunansa ya tafi. Har yau ban san wanda ya ci gardamar ba, ni ko Likita.

Amma na san wanda ya ci jarrabawa. Aka tara mu a baranda aka faɗa da baki: abokina na ɗaya, Salaga. Ni na biyu, Bawku, can ƙurya, inda in ka yi tuntuɓe sai ka faɗa ƙasar da Faransi ke mulka. Abin da ya raba mu bai taka kara ya karya ba, makin da aka zare mini a kan kalma biyu ne. Abokina ya fi ni tashin hankali. Ya ja ni har gaban Sista ya ce shi ba ya son Salaga kwata-kwata, a yi mana musanya, kowa ya koma garinsu. Sista ta ce aikin gwamnati ba kasuwar shanu ba ce. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu. Goggonka, ni zan duba shi."

Na ce, "Ita."

Ya ce, "Shi ɗin dai."

Na bi ta gida kafin in wuce. Na tarar da Goggo a rumfa, ƙafafu a miƙe kan buhu. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "To Babana, a wane kashi aka sa ka?"

Na ce, "Na biyu."

"Marsa ke nan. Da sankara?"

"Babu."

"To me kake ɓata rai kamar an aiko maka da mutuwa? Marsa ai shi ke riƙe kasuwa."

Sai na gaya mata inda marsa za shi. Hannunta ya tsaya a cikin goro. Ni kuma ina kallon ƙafafunta, hawaye suna zubo mini ba na ko sharewa, ƙato da ni. Can ta ce wace irin riga ce wannan a jikina, wuya duk ya yage, haka zan je garin mutane in ja a ce ba ni da kowa? Ta yi ta faɗa a kan rigar nan har aka kira la'asar.

A Bawku gidan uban abokina na sauka, ya ba ni ɗaki a zangonsa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Gari ne na shanu da jakuna da albasa, ranar kasuwa sai ka ji harshe iri-iri kafin ka kai rumfar mahauta, amma ciniki duk da Hausa ake ƙulla shi. Shugabana a asibiti wani tsohon disfensa ne, mai haɗa magani, mutumin Fanti daga kudu, wanda ya daɗe a arewa har ya fi son tuwo a kan fufun garinsu. Aiki ya yi mana yawa. Mukan ɗauki akwatin allura mu bi ƙauyuka har wajen Tempane muna yi wa masu tunjere. A can ba wanda ya taɓa tambayata na nawa na zo. Masu gyambo hannu suke dubawa, ko mai taushi ne ko mai mugunta.

Maigidan nawa yakan kora shanu kudu, ya bi ta Salaga ya ƙetare kogi a Yeji, in zai dawo ya tsaya ya ga ɗansa ya gaida Goggo. Shi ya zama wayata. Ranar da ya dawo yakan zauna a kan buzu, ya sa a kira ni, ya gyara murya ya sauke mini saƙo kamar yadda aka ɗora masa, ba ya rage ko ƙwaya, har da nuna ni da yatsa.

"Goggonka ya ce da sauƙi. Ya ce wai kai ba ka aure ne, sai gemu ya yi fari? Ya ce man kaɗe da ka aiko, rabi duk ƙasa ne, an cuce ka. Ya ce yaron nan da ka bar mishi, kullum ya zo ya danna mishi ƙafa kaman mai sayen doya, kuma ya hana shi gishiri."

Nakan zauna in sha faɗan nan, raina fari ƙal. Muddin akwai man kaɗe da gemu a cikin saƙo, na san tana nan daram.

Shi ne kuma ya kawo mini labarin abin da ya faru da maƙwabciya. Wai ta leƙo rumfa ta ce, ashe ɗan wani aka kawo mana asibiti, naku an jefa shi bayan duniya, Allah sarki, karatu sai mai rabo. Goggo ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke da ba ki gaji goro ba ina za ki sani? Wa ya taɓa ɗora wa jaki minu ya kai nesa? Goriya ake kai wa nesa, ita ke jure hanya. Minu a faifan ƙofar gida yake ƙarewa." Abokina yana zaune a wurin yana cin tuwonta. Ya ce wa ubansa a gaya mini, shi da ya zo na ɗaya yau ya wayi gari minu, kuma an hana shi ƙari. A gabana ban taɓa wuce marsa ba a bakin matar nan, sai da na yi nisa.

Haka muka yi ta yi, rani da damina, har wata dawowa da maigida ya yi bayan kaka. Ya sa aka kira ni da hantsi. Ya zauna a buzunsa, ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙunshin ganye ya miƙa mini. Goro ne guda ɗaya, fari, ya cika tafin hannu, irin wanda takan ɓoye don baƙon girma.

Ya ce, "Goggonka ya ce da sauƙi."

Na jira. Ya yi shiru yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na ce, "Baba, sai me?"

"Shi ke nan. Ya ce a ba ka wannan, a ce da sauƙi."

Na tafi asibiti da goron a hannu. A hanya na tuna Likitan Tamale, na ce yau zan yi yadda ya koya mini, in fara da abin da aka ce, sannan in kawo nawa. Na sami tsohon disfensa yana haɗa magani, na ce ina neman izinin zuwa gida, an aiko daga wurin goggona.

Ya ce, "Mi ya ce?"

"Ta ce da sauƙi."

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. "Ya yi faɗa?" Ya san labarinta, don nakan ba shi yana dariya har da tari.

Na ce, "Ba ta yi ba."

Ya ce, "To mi kake tsayawa? Tafi ka nemi lori." Ban kai ga kawo nawa ba.

Mota ta yi wuya a shekarun nan, ba taya ba mai. Na hau ta gero, na sauka na hau ta awaki, wani wuri na taka da ƙafa, ina tafe ina roƙon Allah abu guda, in same ta da sauran magana. Na shiga Salaga da azahar. Rumfa ba kowa, faifan goro a kife. Abokina ya fito daga ɗakinta da kwano a hannu, ya rame kamar shi ne majinyacin. Ya ce, "Yana nan. Tun jiya yake tambaya ko lori ya zo."

An jingina ta da matasai don ba ta iya kwanciya sosai, kumburin ya hau har ciki. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ɗauki lokaci tana tara numfashi. Sannan ta ce, "Wa ka bar wa marasa lafiyar mutane? Haka aka koya maka aikin, a aiko maka da goro ka kwaso ƙafa?" Ta huta. "Dubi wuyanka. Ba sa ba ka abinci a can?"

Na zauna a bakin gado na riƙe hannunta, na ce ta ci gaba, ina ji. Abokina ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Ranar ta yi faɗa a kan aure, ta yi a kan gishirin da aka hana ta, ta ce mu biyu duk marsa ne, na ɗaya da na biyu, ba wanda ya iya dama kunu a cikinmu. Kashegari ma ta taɓa kaɗan. Muka raba aikin ni da shi, juyawa, wankewa, shafa mai a baya, ɗaga ta in numfashi ya toshe. Duk abin da aka koya mana a Yendi mun yi, kuma mun san iyakarsa.

Wata safiya na shigo mata da kunu, da gangan ban sa tsamiya ba. Ta kurɓa sau ɗaya ta mayar mini da ludayin, ba ta ce komai ba. Na ajiye ƙwaryar na durƙusa.

Na ce, "Goggo, yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi, Babana." Ta juya fuska bango.

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Na gyara mata mayafi, na zauna ina kallon bayanta. Ban taɓa fatan a ce Likitan nan ya fi ni jin Hausa ba sai a safiyar nan.